Tsatsar da Na Goge a Greensboro

Ni ɗan maƙera ne daga Tasawa, kuma a gidanmu ba a barin tsatsa ta kwana a jikin ƙarfe. Babana bindigogin mafarauta yake ƙerawa, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. In maharbi ya kawo tasa gyara da dauɗa a jikinta, sai ya sha faɗa kafin a karɓa, kuma ba za ta bar maƙerar ba sai mun goge ta da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido. A wurin Baba, ka mayar wa mutum bindigarsa da tsatsa daidai yake da ka zage shi. Da wannan tarbiyyar na sauka a Greensboro ta ƙasar Amurka, kuma ita ce ta kai ni ta baro.

Zangona na farko wani gidan haya ne a titin Gate City Boulevard, ɗaki biyu, mu bakwai, duk 'yan Nijar. Katifa ɗaya muke rabawa da wani ɗan Tawa, ina tashi yana kwanciya, ɗumin jikina bai gama barin katifar ba. Cacar biza na ci. Na cike takardun ina saurayi, aka ɗaura mana aure da Rakiya bayan bizar ta fito, saboda haka sunanta bai shiga ba. Wata biyu muka zauna tare. Na baro ta da cikin da ko ita ba ta san da shi ba tukuna, aka haifi Nana ina tsaye a layin yankan kaji cikin takalmin roba. Na ce wa Rakiya shekara ɗaya zan yi in ɗauko ta. Kowa haka yake faɗa, kuma kowa da gaske yake a lokacin.

Shekara biyu na yi a kamfanin kajin, har kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaguwa suka sallame ni. Daga nan na faɗa hannun Alhaji Isufu, ɗan garinmu, mai filin sayar da tsofaffin motoci a kan titin namu. Ya ɗauke ni wanki da ƙananan gyare-gyare, yana biyana a hannu ranar Juma'a in ya tuna. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Maƙeri, ɗauke tayar nan." "Maƙeri, shayi." A Tasawa babansa a bakin maƙerarmu yake yini yana jiran a gyara masa fartanya, amma a nan shi ne mai faɗa a ji.

A shekarata ta biyar Anti Memuna ta kira ni. Wata mata ce 'yar Kumasi da ke cike wa mutanenmu takardun shige da fice a falonta a Glenwood, ita ta shigar mini da takardun Rakiya da Nana.

"Lawali, fayil ɗinka ya motsa," ta ce. "Amma inkom ɗinka, kuɗin da kake samu, bai kai ba. Abin da ke takardar taks ɗinka, ta haraji, ko kai kaɗai ba zai riƙe ba, balle mutum uku. Sai ka samo sifonsa, wanda zai sa hannu ya tsaya maka, mai takardu masu nauyi."

Na tafi wurin Alhaji, na tsuguna a gaban teburinsa. Ya bar ni a tsugune har ya gama wayar da yake yi.

"Bon, Maƙeri, ka san mene ne sain a ƙasar nan? In matarka ta zo ta kwanta asibiti, ni za a aiko wa bil. Mutum uku na tsaya wa, yau ko a masallaci suka gan ni sai su canja sahu. Bari dai mu gani bayan wikend."

Wikend ɗin nan bai zo ba har yau. Ana cikin haka surukina Malam Habu, baban Rakiya, ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Mun daɗe muna gaisawa, ya tambayi sanyi, na tambayi damina, sannan ya sauke murya.

"Lawali, ba mu ƙi ka ba, kuma ba ka taɓa barin gidanka da yunwa ba. Amma yarinya ta shiga shekara ta biyar a zaune, sa'o'inta suna da 'ya'ya uku uku. Mun ba ka zuwa Babbar Salla. In maganar tafiya ta tabbata, alhamdulillahi. In ba ta tabbata ba, ka sawwaƙe mata."

Na ce, "To, Baba." Me zan ce? Gaskiya ya faɗa, kuma cikin mutunci ya faɗe ta. Saura wata bakwai.

Ranar Asabar Alhaji yakan tura ni wata kasuwar ƙauye a kudancin gari in sayar masa da tsofaffin tayoyi da batura. Ita kaɗai ce wurin da nake jin kamar ina numfashi a ƙasar nan. Fili ne na jar ƙasa, ana sayar da kaji masu rai da awaki da tsofaffin sifanoni da dafaffiyar gyaɗa, mutanen Meksiko suna ciniki da ƙarfi kamar mutanenmu. A can ƙarshen layi akwai wani tsohon Bature mai jan wuya da farar motar kaya, ya shimfiɗa bargo a kan tebur ya jera tsofaffin bindigogi. Sunansa Wendal. Na yi Asabar uku ina wucewa ina satar kallo, don wasu daga cikinsu sak irin na maƙerarmu ne, sai dai duk sun yi baƙi ƙirin da tsufa.

A ta huɗu na tarar yana kokawa da wata, yana jan kunamar tana komawa laƙwas. Kafin in yi tunani hannuna ya kai. Duk na kusa suka juyo. Wani ƙato a teburin gefe ya ɗora hannu a ƙugunsa, ya zuba mini ido. Sai a lokacin na tuna ko ni wane ne da inda nake tsaye. Da Turancina na layin kaji na ce sifirin ɗin ne ya saki, in ya ba ni awartaki da magagari zan nuna masa. Wendal ya dube ni daga sama har ƙasa, ya turo mini akwatin kayan aikinsa da ƙafa. Minti ashirin na yi. Da ya ja kunamar ta ce ƙas, sai ya yi dariya ya tambayi sunana. Na ce Lawali. Ya ce Lari. Haka na zama Lari.

Ya ɗauke ni aikin Asabar da Lahadi. Wata duniya ce ban san da ita ba. Bindigogin da suka haura shekara ɗari da wani abu, doka ba ta ɗauke su makami ba, kayan tarihi ne, saboda haka hannu da hannu ake cinikinsu, kuɗi daga aljihu zuwa aljihu. Mukan tashi da sassafe mu bi kasuwannin ƙauye muna sayen na gado a hannun 'ya'yan da ba su san darajarsu ba, sannan mu kai su manyan bajekolin bindigogi, inda ake jera tebur ɗaruruwa a zaure ɗaya, 'yan sanda a ƙofa suna ɗaure kunamar kowace bindiga da igiyar roba kafin ta shiga.

A irin waɗannan zaurukan sau da yawa ni kaɗai ne baƙi, kuma tabbas ni kaɗai ne mai tabon salla. Wani ya taɓa tsayawa a teburinmu ya ce in faɗa masa kalmar da mutanenmu ke faɗa kafin su tayar da bam, yana so ya ji ta daga bakin mai ita. Abokansa suka bushe da dariya. Wendal ma ya yi, don mutumin yana riƙe da bindigar da yake so ya sayar masa. Shi kansa Wendal da ni yake tallan kayansa: "Wannan maƙerina ne daga Afirka, ubansa ne ke ƙera wa masu farautar zaki bindiga." Zaki a Tasawa! Ko kakana bai taɓa ganin kashinsa ba. Sallata a cikin motar kaya nake yi, a zaune tsakanin akwatuna, don in na shimfiɗa darduma a filin ajiye motoci Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Mutum ɗaya ce take duban fuskata in tana mini magana, wata mai sayar da kofi da burodi da muke haɗuwa da ita a kusan kowane bajekoli. Tun da ta gane ba na cin alade take wanke kaskonta ta soya mini ƙwai daban, ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Duk wulaƙancin nan na haɗiye shi, saboda lissafin da nake yi. Ga Bature, haifaffen ƙasa, mai gida da fili da mota biyu. Ni a tunanina duk Bature takardunsa tsaf suke, sa hannunsa ɗaya ya fi na Alhaji goma. Wata rana muna dawowa na yi ta maza na roƙe shi. Bai ko ɗauke ido daga titi ba ya ce, "Ba matsala, Lari. Kawo takardar. In muka dawo daga babban bajekolin bazara zan sa maka hannu." Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga hawayena.

Aikina a wurinsa cikin bindiga ne kawai, sifirin da kunama da ƙusoshi. Jikinta ba ya bari in taɓa. Sau ɗaya na ɗauki tsumma zan share wata ya daka mini tsawa, na ɗauka rashin yarda ce irin tasu. Baƙin da ke jikin kayansa kuwa na ɗauke shi a ƙazanta da rowar mai. Nakan ce a raina, tsohon nan da zai bari a goge kayan nan da cinikinsa ya ninka.

Sati na bakwai muka je Irving Park, unguwar da gidajenta suke da nisa da titi kamar ba sa son a gan su. Wata tsohuwa ce ta kira shi, Madam Helen, mijinta ya rasu, za ta sayar da gidan ta koma gidan kula da tsofaffi. Ta kai mu ga wata doguwar bindiga da ke rataye a saman murhu. Tsawonta ya kai mini haɓa. A nan yankin aka ƙera ta wajen shekara ɗari biyu da suka wuce, ta kakan kakan mijin ce. Wendal ya sauko da ita a hankali da hannu biyu, kamar mai ɗaukar ƙwai. Suka yi magana a kan zai kai ta bajekolin bazara ya sayar mata, ya ɗauki kasonsa. Ni kuwa abin da na gani shi ne aikin babban maƙeri an bar shi ya lalace: ƙarfen ya yi baƙi, tagullar ta koma kore, azurfar da aka dasa a ƙotar ba a ma gane azurfa ce.

A satin aka yi wa Wendal aikin ido, ya tafi gidan 'yarsa na kwana huɗu. Ya bar mini makullin shagonsa da ke bayan gida, in gyara kunamar wasu guda uku in kuma ba karensa abinci. Na gama ukun a yini ɗaya. Sai na zauna ina kallon bindigar Madam Helen. Mutumin nan zai yi mini abin da ɗan garinmu ya ƙi yi. A wurinmu ba a karɓar alheri irin wannan da hannu biyu wofi, ni kuwa ba ni da rago, ba ni da turare, ba ni da komai sai abin da Baba ya koya mini.

Na ce wa Alhaji kafaɗata ta tashi, na yi kwana uku a shagon. Na sayi lemun tsami, na ƙona itace na tara toka, na bi ƙarfen da samfefa mai laushi tun daga baki har gindi. Na kankare tsohon man da ya daskare a katakon, sai ga zane kamar na damisa ya fito a jikin itacen. Tagullar ta dawo ruwan zinariya. Sunan maƙerin ya bayyana a saman bututun, harafi bayan harafi, har na yi masa addu'a ban san addininsa ba. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin daɗi irin na kwana ukun nan ba. Na ɗauki hotonta na aika wa Baba, ya aiko da murya yana cewa Allah ya yi mini albarka.

Wendal ya dawo ranar Alhamis da la'asar, ido ɗaya a rufe da bandeji. Na shimfiɗa farin tawul na ɗora ta a kai, na koma gefe na tsaya ina murmushi kamar yaron da ya zo na ɗaya. Ya dube ta da ido ɗayan. Ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai.

"Lari, ina bindigar matar nan?"

"Ga ta nan. Kyauta ce na yi maka."

Gwangwanin mai ya fara jifana da shi, ya same ni a kunne. Ya kira ni da sunayen da na sani da waɗanda sai daga baya na tambayi ma'anarsu. Ya ce baƙin nan da na kankare shi ne shekara ɗari biyun, shi masu tarawa suke saye, shi ne shaidar cewa ba wanda ya taɓa ta. In babu shi, wannan sanda ce da bututu. Ya ce ranar Litinin da ta wuce kuɗinta zai iya sayen sabuwar mota, yau da ƙyar ya sayi tsohon babur. Ina tsaye jini yana bin wuyana, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Sati bakwai ina tare da shi, da ya buɗe baki sau ɗaya ya faɗa mini kamar yadda ake faɗa wa mutum, da ba a yi haka ba. Amma a lokacin tunanina ɗaya ne: sa hannun ya tafi.

Sai ya bar zagin. Ya tashi ya ɗauki bindigar yana juya ta a hasken taga, ya daɗe. Kallon da yake yi mata ya fi jifan ba ni tsoro.

"Ka san yadda ake cire shi," ya ce. "Ka san yadda ake mayar da shi?"

Na sani. Duk maƙeri ya san abin da ke sa ƙarfe baƙi. Na ce zai ɗauki sati biyar ko shida. Ya ce to, amma gobe za mu fara zuwa wani wuri.

Washegari ya tsayar da ni a tsakiyar falon Madam Helen, bindigar a hannuna, ya ce in faɗa mata abin da na yi da bakina. Na faɗa, Turancina yana kakkaryewa. Shi kuma yana gefe yana girgiza kai, yana cewa laifinsa ne da ya amince da wanda bai san komai ba, kuma tun da yaronsa ne ya yi ɓarnar, shi zai ɗauki asarar, zai saye ta a hannunta a yadda take. Tsohuwar ba ta saurare shi sosai ba. Ta sa tabarau ta matso tana shafa sunan da ke kan ƙarfen da ɗan yatsa.

"Shekara hamsin ina share ƙurar ƙasanta, mijina bai taɓa bari na taɓa ta ba," ta ce. "Ashe haka take da kyau." Ta dubi kunnena. "Me ya same ka, ɗana? Zauna in kawo maka ruwa."

Ta karɓi ɗan kuɗin da ya rubuta mata a cek, har tana yi masa godiya da ya zama mutumin kirki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hanyar komawa Wendal yana tuƙi yana fito.

Sati shida na yi ina mayar da abin da na goge. Ba zan faɗi yadda na yi ba, ba abin alfahari ba ne. Na san ha'inci ne tun ranar farko, na san an cuci tsohuwar da hannuna, za a kuma cuci wani da hannun nawa. Takardar Anti Memuna kuwa Wendal ya ajiye ta a kan teburin aikin, ya danne ta da kwalbar mai, daidai inda idona zai riƙa faɗawa a kanta. Kullum ya shigo sai ya duba bindigar, ya taɓa takardar da yatsa, ya ce, "Da saura, Lari." Rakiya takan kira ta tambaye ni aiki, in ce alhamdulillahi. Baba ya tambaye ni ko Baturen ya ji daɗin bindigar, na ce ya ji daɗi ƙwarai.

Babban bajekolin a wani gari ne a Virginia. Da hantsin ranar farko wani dattijo mai tsabtar farce ya tsaya a kanta. Ya fito da ƙaramar fitila da gilashin ƙara girma, ya bi ta gaba da baya wajen rabin awa, har yana sunsuna katakon. Ni ina bayan tebur na cusa hannayena a aljihu, don baƙin aikin bai gama fita daga faratana ba. Ya ɗago ya tambaya ko an taɓa yi mata wani gyara. Wendal ya dafa ƙirji ya ce daga saman murhun masu ita ta zo teburin nan. Dattijon ya biya bai ko nemi ragi ba. Ni na naɗe masa ita a bargo, ya ce mini na gode.

A filin ajiye motoci Wendal ya ɗora takardar a kan motarsa ya sa hannu, ya haɗa mini da ambulan na takardun harajinsa, ya bubbuga kafaɗata. Nan take na kira Rakiya. Ban taɓa jin ta yi guɗa ba sai ranar. Ta ce, "Malam, in fara rage kaya ke nan?" Na ce ta fara. A satin ta sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take samun na kashewa tun tafiyata.

Ranar Talata na kai wa Anti Memuna ambulan ɗin da kwalin lemo na tukuici. Ta buɗe, ta karanta shafin farko, ta koma ta sake karantawa. Ta cire tabarau.

"Lawali, wane ne wannan?"

"Ogana ne, Anti. Yana da gida da fili, mota biyu."

"A takarda ba shi da komai. Mutumin nan abin da yake nuna wa gwamnati bai kai naka ba. Kash yake karɓa, kuɗi a hannu, ko ba haka ba? To ba ya rubutawa. Wannan sain ɗin ko kyanwa ba zai shigo da ita ƙasar nan ba. Me ya sa ba ka kawo mini takardunsa tun farko na duba ba?"

Ban kawo ba don bai ba ni ba, kuma ban matsa ba don Bature ne. Ni da nake karɓar kuɗin Alhaji a hannu kowace Juma'a, ni da na ga Wendal yana cusa kuɗi a safa a kowace kasuwa, ban taɓa haɗa biyun a kaina ba.

Asabar na same shi a kasuwar ƙauye yana cin dafaffiyar gyaɗa. Na ce ya san takardunsa ba za su yi ba. Bai ko musa ba.

"Ka ce in sa hannu, na sa. Ba ka tambaye ni abin da ke ciki ba."

Na ce zan je in faɗa wa tsohuwar komai. Ya tofar da ɓawon gyaɗa, ya yi magana a hankali kamar mai ba ɗansa shawara. Ya ce in je. Amma in tuna hannun wa ya goge, hannun wa ya mayar, kuma tsakanin ni da shi wane ne mai katin zama da za a iya ƙwacewa. Sannan ya ce ya sayo wasu guda uku da wani wawa ya goge, in zo Litinin in fara, zai ƙara mini a kan na da. Na tsaya ina kallon bindigogin da ke gabansa, na gode wa Allah da ba ɗaya mai albarushi a ciki. Na juya na tafi, ban sake komawa ba.

Saura sati tara Salla. Na koma wurin Alhaji, wannan karon gwiwa biyu. Ya ce, "Ah bon? Ina anasaranka? Je ka wurinsa mana, Maƙeri." Na bi mutanen masallaci ɗaya bayan ɗaya. Masu son taimako takardunsu ba su kai ba, masu takardu kuma kowa ya riga ya tsaya wa ƙaninsa ko matarsa. Wani likita ɗan Kano ya ce in kira shi, na kira sau shida. Har Irving Park na koma, na hau bas na ƙarasa da ƙafa, ban san ko roƙonta zan yi ko faɗa mata gaskiya ba. Na tarar da allon sayarwa a bakin gidan, tagogin ba labule. Wata mata mai yawo da kare ta tsaya a tsallake tana kallona da waya a hannu har na bar layin.

Malam Habu mutum ne mai kunya. Ya bari aka yi Salla, aka ci nama, aka kwana uku, sannan ya kira. Bai tambaye ni komai ba, gaisuwa kawai muka yi, ya bar ni in fara. Na ce, "Baba, ba ta tabbata ba." Ya ce, "Allah ya sa haka shi ne alheri, Lawali."

Bayan la'asar na yage takarda daga littafin rasit na Alhaji na rubuta a bayanta, saki ɗaya. Ɗan Tawa da wani abokin ɗakinmu suka shaida. Na ɗauki hotonta na aika. Kafin magariba saƙon murya ya shigo daga Rakiya, gajere, ina jin Nana a bayanta tana rigimar a ba ta wayar.

"Malam, na gani. Ba komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Keken ne dai, da ka ce mini in dakata da ban sayar ba."

A satin na haɗa kuɗin sabon keke na aika mata. Babanta ya mayar mini da su.